Mai ƙaramin jari ya san injin yankan itacen da zai saya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa masu sana'ar icce, musamman waɗanda suka daɗe da gatari, yanzu kuma suke tara kuɗin sayen inji mai sarƙa don daddatsa bishiyar da ta riga ta faɗi. Abin yana damuna ganin mutum ya sayar da akuyarsa, ya shiga kasuwa, ya dawo da injin da ba na aikinsa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin girma. An ga masu tsaga katako suna saɓe da Stihl 070, sai a ɗauka shi ne inji. Wannan girman injinsa ya haura cc 100 (cc shi ne ma'aunin girman inji), nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba, ga shan mai. Mai datsa icce guntu-guntu, yana sunkuyawa yana tashi, kafin azahar kafaɗarsa ta mutu, kuma da gajiyayyen hannu ake yin haɗari. Ƙanana kuwa irin Stihl MS 180, mai cc 32, na sassabe ne da rassa. Busasshiyar ƙirya ko marke za su galabaitar da shi. Abin da ya dace da icce shi ne mai cc 45 zuwa 60, da harshe, wato ƙarfen da sarƙa ke kewayawa, mai inci 16 ko 18. Inci 18 na cinye gungume mai kaurin ƙafa biyu da rabi idan an ɓullo masa ta gefe biyu. Kada mai kanti ya ruɗe ka da dogon harshe a kan ƙaramin inji, ƙarfi kawai zai rage maka.

Wanda aljihunsa ya kai, MS 250 mai cc 45 ko takwaransa na Husqvarna sun isa. Wanda bai kai ba, 'yan Chana da ake rubuta wa 5200 ko 5800 suna aiki, kuma ban ga abin kunya a sayensu ba, tunda kayan gyaransu suna shiga na juna kuma suna da araha. Abin gudu shi ne jabu, wato ɗan Chana da aka yi wa fenti da tambarin babban kamfani ana neman kuɗin na asali. Kafin ka biya, zaga layin masu kayan gyara ka tambayi fistan da zobensa, kafireto, kuloci, famfon mai da igiyar tayarwa na wannan injin. Idan aka ce sai an aiko daga Legas, nemi wani.

Na hannu mai kyau ya fi sabon jabu, amma sai an gwada. A tayar da shi yana sanyi, don wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Riƙe shi da igiyar tayarwa ka sake shi: mai lafiya yana sauka a hankali yana tirjewa, wanda ya zube ƙasa kai tsaye kuwa matsinsa, wato ƙarfin da fistan ke danne iska da shi, ya tafi. Kwance salansa, ka leƙa ta ramin hayaƙi da tocila. Idan ka ga zane-zane a tsaye a jikin fistan kamar an karce shi da ƙusa, mai yiwuwa an taɓa tuƙa shi da ƙarancin man haɗi, wato man da ake gauraya wa fetur. Sannan ka nuna bakin harshen ga farar takarda ko sabon kututture ka ba shi wuta. In bai fesa siririn layin mai ba, mai yiwuwa famfon man sarƙa ya mutu. Birkin sarƙa kuma dole ya kama nan take idan an tura hannunsa gaba. Injin da aka cire wa birki ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin idan saman bakin harshe ya taɓa reshe, injin fuska yake nufa cikin ƙiftawar ido.

Kada a ƙarar da jari duka a kan injin. A bar na sarƙa ta biyu, magagari, fulogi, man haɗi, tabarau, abin toshe kunne da takalmi mai ƙarfe a baki. Man haɗi na 2T ake zubawa: mililita 20 a litar fetur ga Stihl da Husqvarna, yawancin 'yan Chana kuma suna rubuta 25:1, wato mililita 40. A auna da sirinji, ba da ido ba. Baƙin man mota a cikin fetur yana toshe salansa ya daskarar da zobe, wanda aka juye daga injin mota kuma, idan aka zuba wa sarƙa, ƙurar ƙarfen da ke ciki tana cinye famfo da harshe.

Ƙasa ce babbar maƙiyiyar sarƙa a wurinmu. Itacen da ya daɗe a kwance gara ta cika shi da jar ƙasa, taɓawa ɗaya haƙora sun dakushe. A kankare wurin yanka da adda tukuna. A yanka kashi biyu cikin uku, a mirgina gungumen, a ƙarasa. Idan an tokare shi ta gefe biyu tsakiya na lilo, a fara kashi ɗaya cikin uku daga sama, a ƙarasa daga ƙasa, in ba haka ba zai matse harshen. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya-manya take zubarwa. Da zarar ka ga gari kamar dusa, tsaya ka wasa. Magagari mai milimita 4.8 ne na sarƙar da aka rubuta wa lambar girma .325, a karkace shi digiri 30, shafa uku ko huɗu daidai wa daida a kowane haƙori, don idan gefe guda ya fi kaifi yankan zai riƙa karkacewa. Lokacin hunturu kuma a buɗe matacin iska a kakkaɓe shi kowace yamma.

Naka,
Wani mai gyaran ƙananan injuna, Kaduna