Kafin ki miƙa wa yaron nan waya

Assalamu alaikum 'yata. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen unguwar Nima a Accra.

Mahaifiyarki ta ce kina shirin ba babban yaronki tsohuwar wayarki tunda ya kai shekara 11. Ban hana ba, amma kada ta shiga hannunsa yadda take.

Fara da cire layin da MoMo ɗinki, wato asusun kuɗinki na waya, yake kai. 'Yan damfara kan kira su ce sun turo kuɗi bisa kuskure, ko su sa saƙon neman amincewa da cire kuɗi ya faɗo a fuskar waya. Yaron da ya saba ganin yatsanki yana danna lambobin sirrin nan huɗu zai danna su don ya taimaka. Ki sa masa sabon layi marar kuɗi a kai, kuma ki tuna da Ghana Card ɗinki, katin shaidarki na ɗan ƙasa, za a yi rajistarsa, don haka duk abin da aka aikata da shi sunanki ne zai fito.

Daga nan ki kwashe hotunanki, ki wanke wayar ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ki sauke Family Link, manhajar Google da iyaye suke kula da wayar yara da ita, a taki wayar, ki buɗe masa asusun Google na yara da ainihin shekarar haihuwarsa. Nan ne iyaye da yawa suke ɓata aikin: sai su ƙara wa yaro shekaru don rajista ta yi sauri, alhali da shekarun ne ake tace abin da zai gani. In kin yi daidai, ba manhajar da zai sauke daga Play Store sai an nemi izininki a wayarki. Ki sa masa awa ɗaya da rabi a ranakun makaranta, wayar kuma ta kulle kanta daga ƙarfe 9 na dare zuwa bayan asuba. Caji a ɗakinki.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin da ba ta Play Store suke shigowa ba. Abokai kan tura wa juna ta Xender, manhajar tura abubuwa daga waya zuwa waya: GB WhatsApp, wasannin da aka fasa don a samu komai kyauta, da masu nuna ƙwallo ba biya. Ba wanda ya tantance abin da aka cusa a cikinsu. A Family Link ki tabbata an rufe damar sa manhaja daga wata hanya, kuma in kin kai wayar gyara kasuwar wayoyi ta Circle, ki faɗa wa mai gyaran ƙarara kada ya loda komai. Duk mako ki duba izinin da kowace manhaja ta karɓa. Wasan tseren mota ba shi da abin yi da saƙonninki ko lambobin mutanenki. Wadda ta samu izinin karanta saƙo tana iya ganin lambar sirrin da ake turowa, da ita kuma ake ƙwace asusu.

Manhajojin bashi su ma haka suke aiki: su kwashe lambobin da ke waya da hotuna, ranar biya ta wuce su bi dangi da saƙon cin mutunci. A 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen irinsu 97 da ba su da lasisi. Na caca kuwa, doka ta hana wanda bai kai 18 ba, mu kuma addini ya hana mu tun kafin doka.

TikTok sai shekara 13, don haka ya jira, ko da kuka. YouTube Kids ya ishe shi.

Sai wasannin da ake hira a ciki, irin Free Fire da Roblox. Babba kan shigo da sunan yaro, ya yi ta yabon wasansa, ya saya masa data, sannan ya ce su koma WhatsApp kuma kada Mama ta sani. Bayan an saba sai ya nemi hoto ba riga. Da ya samu, murya ta canja: a turo kuɗi ko ƙarin hoto, in ba haka ba ya watsa. Ki rufe hirar cikin wasan, kuma ki gaya wa yaron tun yanzu cewa duk wanda ya ce a ɓoye miki wani abu, shi ne za a fara kawo miki maganarsa.

In har ta faru, Allah ya kiyaye, kada ki ɗauki bulala. Tsoron duka ne yake sa yaro ya yi shiru har abin ya girma. Kada ki biya ko sidi ɗaya, domin wanda aka biya yakan dawo. Kada ki goge saƙonnin: ki ɗauki hoton hirar da lambar mutumin da lambar MoMo ɗin da ya bayar, sannan ki toshe shi. Ki kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ko ki je ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da na yara. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi ɗauri ga mai yi wa yaro irin wannan barazana.

Ki nuna wa maigidanki takardar nan, don kada ki rufe shi kuma ya buɗe. Ki gaishe shi, ki shafa min kan yaran.

Mahaifinki.