Zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum mutumina. Ya gida, ya Hajiya da ƙafa, ya uwargida da yara, ya mutanen zango? Kai dai ka ɓuya wlh, tun babbar sallah ban ga hannunka ba. Na san matsalar data ce, kiran bidiyo ba ya barin komai a waya, shi ya sa nace bari kawai in zauna in rubuto maka, dama labarin da tsawo.

Abuja muka je ƙarshen Satumba, makon kurame na duniya, kasan tun 2018 ake yin ranar maganar hannu 23 ga wata. Daga Unguwa Uku muka hau mota zuwa Kaduna muka kwana wajen 'yan uwa, da safe muka shiga jirgin ƙasa a Rigasa sai Idu. Jirgin ba laifi, amma ka san halinmu da tasha, duk sanarwa ta lasifika ce, sai dai ka zuba wa mutane ido in sun miƙe ka miƙe. A mota ma sai da na rubuta wa direba a waya cewa mu uku na baya kurame ne, in an tsaya a shinge ya faɗa tun kafin wani ya daka mana tsawa ya ga ba mu juyo ba ya ɗauka raini ne. Dokar masu buƙata ta musamman dai Buhari ya sa mata hannu tun Janairun 2019, to a hanya ban gamu da ita ba.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ranar Juma'a ce. Cikin waɗanda suka zo taron akwai wani saurayi mai ji, iyayensa duka kurame, hannunsa kamar ruwa, shi ne ya ce mu haɗu sahu ɗaya ta gefe, ya zauna yana fuskantarmu, liman na huɗuba yana mayar mana. Aboki, tun sanƙarau na 1996 da ya tafi da kunnena ina ƙaramin yaro ban ƙara sanin me ake cewa a kan mumbari ba, zuwa nake in zauna in kalli bakin liman, in na ga an ɗaga hannu in ɗaga. Ranar sai gashi ina biye da magana daga farko har ƙarshe, kan amana ce da bashi, wanda ya ci kuɗin mutane yana da halin biya yana ja musu rai. Har na tuno wani da nake bi kuɗin ɗinki, na tuno kuma wanda yake bina, kunya ta kama ni a zaune. Dattijon da ke kusa da ni hawaye yake, shi da aka haifa kurma bai taɓa sanin huɗuba tana da kan magana ba, ya ɗauka addu'a ce guda ake maimaitawa duk sati.

Bayan sallama wani bawan Allah ya zo yana faɗa, wai yaron ya yi wasa da hannu ana huɗuba saboda haka ba shi da Juma'a. Na san hadisin da yake nufi, na hana magana liman na kan mumbari, to amma ai an hana ne don a saurara, mu kuma ta ina za mu saurara in ba ta nan ba? Limamin da kansa ya fito ya sa baki ya ce a ƙyale yaro, har ya riƙe hannunsa yana sa masa albarka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne 'yan uwanmu Kirista da suka zo daga Jos da Ibadan, su wannan ba sabon abu ba ne, cocinsu na kurame daban, fastonsu kurma. Kuma ba mamaki, Andrew Foster da ya kawo makarantun kurame ɗan mishan ne, kurma ɗan Amurka, a nan wajenku ya fara a Accra 1957 sannan Ibadan 1960, shi ya sa da ka sauka Ghana ba ka sha wahalar gane hannunsu ba, tushen ɗaya ne da wanda aka koya mana a makarantar kurame ta Tudun Maliki. Mu kuwa muna da maganar hannu tamu ta Hausa tun kaka da kakanni, har Sarkin Bebaye gare mu a Kano, amma yaro kurma zai girma bai san farillan alwala ba sai kwaikwayo. Sallah a jam'i kafaɗar na kusa da kai ce limaminka, in ya ɗago daga sujada ka ɗago, ranar da aka yi ƙabli ko ba'adi kuwa sai ka rasa me ya faru kuma ba mai tsayawa ya gaya maka. Ni ban ce malamai mugunta suke ba, ba su san muna sahun ba ne kawai.

Shi ya sa mu kurame muka fara zaman karatun addini ranar Lahadi bayan la'asar a shagona, dole kafin magariba saboda in an ɗauke wuta hira ta mutu sai da fitilar waya. Wani ɗalibin ilimi a unguwa yana karanta mana Ahalari, ni ina bin rubutun ina mayarwa da hannu, wasu alamun babu su sai mun zauna mun yi ta gardama kafin mu tsayar, taimama kaɗai ta cinye mana zama guda, tsofaffi na son alamar gida 'yan makaranta na son harafin hannu.

Ɗinki sai godiya, kasuwa ta yi sanyi, kuɗin man janareta ya fi ƙarfin riba. Babbar 'yata ta zama tafintar gidan, ita ke raka uwarta awo asibiti, abin yana damuna don akwai maganar da bai kamata yarinya ta shiga ba.

Don Allah ka bincika min ko a masallatan zango akwai inda ake wa kurame fassara, in akwai ka ɗauko min bidiyon yadda suke alamar niyya da taimama ka turo ta WhatsApp, ni zan sa maka data. Ka gaida Hajiya sosai, ka ce ina nan tafe da yadinta in Allah ya nufa.

Naka har kullum,
abokin zamanka na benci a Tudun Maliki