Zuwa ga aminina a Abija, kan maganar katkat ɗin autanku

Assalamu alaikum, ɗan Adar. Ina gajiya, ina zafin kasuwa? Ina maiɗaki da yara? Mu nan Yamai lafiya lau, sai ƙurar hunturu da ta sauka da ƙarfinta. Tun Sallah ban ji muryarka ba, sai da mota ta haɗa mu. To na gode wa Hilux, katkat ɗin nan mai ja da tayoyi 4.

Motar ta iso, kuma autanku ya kasa zama. Ka tambaye ni inda zai koyi tuƙi in an sauka daga gudron, kuma wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, don yaron ba inda idonsa yake sai tudun rairayin da ke hayin kogi, bayan Harobanda, inda samari ke zuwa ranar Lahadi suna tada ƙura. Na ce masa a'a. Tudun rairayi ba wurin ɗan koyo ba ne: ka hau a karkace, motar ta kwanta da kai.

Na fara kai shi fako. In ka ƙetare gadar Kennedy ka kama hanyar Say, akwai filaye masu jar ƙasa da tsakuwa, ba gona, ba rami, kana hango komai daga nesa. Nan ya koyi sa katkat, wato giyar da ke sa tayoyi 4 su ja tare, da cire shi, ya ji yadda ƙaramar giya take jan mota a hankali da ƙarfi. Daga nan muka bi hanyoyin amalanke na wajen Bubon, kilomita 25 ko kusa da haka a kan hanyar Tilaberi. Su nake so ga mai koyo, don rairayin guntu-guntu ne, ka shiga ka fita, kuma ƙauye na kusa, in ka kafe ba ka rasa masu turawa. Sai dai a guji ranar Laraba, ranar kasuwa ce, jakuna da masu tukwane sun cika hanya.

Da ka ga fuskarsa a wata ƙorama busasshiya! Tayoyin baya suka fara tono, ya so ya ƙara wuta. Na dafa hannunsa na ce tsaya. Muka sauka, muka rage iska daga kilo 2 da rabi zuwa 1 da rabi, muka kwashe rairayin gaban tayoyi da shebur, ya koma baya kaɗan, ya taso da giya ta biyu bai taɓa birki ba. Ta fita sumul. Har yanzu yana ba abokansa labari a fada. Na sa ya sayi famfon iska, igiyar ja, da taya na biyu na ajiya, don ƙayar aduwa ba ta san sabuwar mota ba.

Kai kuwa da kake cewa in ka zo kai za ka koya masa, yaushe? Kai da ka rufe ido a kwalekwale don an ce ga dorina can? Af, mai garejinmu ya aurar da ƴarsa, an tambaye ka har sau nawa. Na ce kana can kana ƙirga jaka.

Abin da ya fi damuna shi ne ya ce zai je Kure kallon raƙuman dawa shi kaɗai. Hanyar ba wuya, kilomita 60 ne a kan hanyar Doso, kuma yanzu an girbe hatsi, ba zai taka gonar kowa ba. Amma ka tuna abin da ya faru can a watan Agusta 2020, aka kashe mutum 8. Ko Bubon da hanyar Say ɗin, ba na fita sai na tambayi jandarma da direbobin tasha da safe, mu tafi mota biyu, mu dawo kafin la'asar. Ka kira shi ka ja masa kunne, maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsa. Zuwa Tawa da yake mafarki, da duwatsun Keita, sai ya ƙware tukuna, kuma ba da damina ba, don ƙorama kan cika da ruwan da aka yi a wani gari can nesa.

Inna ta ce atamfar da ka aiko ta yi, amma ta ƙanwarta fa? Ka sa a hannun mai zuwa na gaba, ka haɗo mini da goro.

Naka,
amininka na Yamai