Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimin Fagge Kan Shirye-shiryen Kare Haƙƙin 'Yan Ci-rani

Daga iyaye da mazaje da 'yan'uwan masu aikin ƙwadago a ƙasashen waje, tare da waɗanda suka je suka dawo, mazauna Fagge da Kwaciri da Rijiyar Lemo da 'Yammata.

Ta hannun dagatai da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, muna miƙa gaisuwar ban girma, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Magana guda ce ta sa muka rubuto. Kusan shekara goma ke nan ƙungiyoyi na gida da na waje suna shigowa unguwanninmu da sunan wayar da kai da kare haƙƙin 'ya'yanmu masu tafiya aikatau Saudiyya da masu bin sahara zuwa Libiya da Aljeriya. An yi taruka, an raba riguna da huluna, an yi shirye-shirye a rediyo, an koya wa wasu sana'a. Amma ba mu ga wanda ya dawo bayan shekara biyu ko uku ya zauna da mu ya tambayi abin da ya canza ba. Roƙonmu shi ne ka sa a yi wannan bincike a ƙarƙashin inuwarka, kuma a ji ta bakinmu a cikinsa.

Tafiya ba baƙuwa ba ce a Fagge. Nan ne zangon Azbinawa da fataken da ke ƙetare sahara tun kafin zuwan Turawa, ga kuma filin jirgin Malam Aminu Kano da sansanin alhazai a bakin ƙofarmu. Kakannin wasunmu a ƙafa suka bi ta Sudan zuwa Makka. Don haka ba mu zo neman a hana kowa fita neman halaliyarsa ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fita, da halin da ake dawowa a ciki.

A takarda dai ba a bar mu a baya ba. An kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane a 2003, aka sabunta dokarta a 2015, kuma tana da ofishi a nan Kano. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani da iyalansu a shekarar 2009. Gwamnatin tarayya ta fitar da tsarinta kan ƙwadagon ƙetare a 2014, hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta fara aiki a 2019. Bayan taron da shugabannin Turai da na Afirka suka yi a Valletta, babban birnin Malta, a Nuwamban 2015, Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman kan ƙaura, kuma daga wannan lokacin ne taruka suka yawaita a wurarenmu. Sai dai mun koyi cewa takarda kaɗai ba ta kare mutum. Libiya ta shiga waccan yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2004, ta riga Najeriya ma, amma a can ne gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya ana gwanjon baƙaƙen fata a Nuwamban 2017. Saudiyya kuwa, inda mafi yawan matanmu suke, ba ta shiga ba.

Ba za mu yi butulci ba. Jiragen da hukumar IOM mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya daga 2017 sun kwaso dubban 'yan Najeriya daga Libiya, kuma akwai gidaje a cikinmu da suka ga ɗan da suka fitar da rai da ganinsa ta wannan hanya. Akwai matan da suka fasa tafiya saboda abin da suka ji a rediyo. Wannan alheri ne, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma nawa ne irinsu, kuma ina suke yanzu? Wannan ce tambayar da ba mu ji an amsa ba.

Ranka ya daɗe, bari mu faɗi abin da idanunmu suke gani.

Yawancin masu tafiya aikin shagala, wato aikatau a gidaje, a Saudiyya zawarawa ne da matan da mazajensu suka rasu suka bar su da marayu, sai 'yan mata daga gidajen da abinci ya gagara. Ejan ɗin da zai kai su ba daga nesa yake zuwa ba. Maƙwabci ne, ko wata hajiya da kowa ya sani a layi. Shi zai yi fasfo, shi zai nemo biza, a rubuta bashin a kan mai tafiya ko a kan filin ubanta. Wata da bizar Umra za ta shiga ta zarce, ta zama takari ba igama, wato takardar izinin zama, kullum cikin ɓuya. Wata kuma da bizar aiki za ta shiga, ta sa hannu a kwangilar da aka rubuta da Larabci ba wanda ya karanta mata. Tana sauka kafili, wato ubangidan da bizarta take hannunsa, ya karɓe fasfo, alhali dokar Saudiyyar kanta ta hana hakan. Idan aiki ya yi mata yawa ko aka riƙe albashinta ta gudu, sai ya kai rahoton hurub, wato ta gudu daga aiki, daga ranar ta zama mai laifi. Ƙarshenta tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, a dawo da ita da kayan jikinta, kuɗin watannin da ta yi wa aiki suna can, bashin ejan kuma yana nan yana jiranta a gida.

A Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci ga kafilinsa, ta ba ma'aikata damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da sai kafili ya yarda ba. Mun ji ana ta yabon wannan a taruka. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, wato daidai ayyukan da mutanenmu suke yi. Mace ta tafi da zaton doka ta canza, ta tarar ita ba ta cikin lissafi. Idan shirin wayar da kai bai gaya mata wannan ba, to me ya wayar mata?

Nan ne babban ƙorafinmu yake. Saƙon da aka fi kawo mana shi ne "kada ku tafi". Mai yunwa kuwa ba ya jin wannan. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, riyal kuma tana bin dala ne. Albashin wata guda a Riyad ya zama abin da mai wankau ko mai sayar da awara a nan ba za ta haɗa ba ko ta yi rabin shekara tana yi. Duk wanda ya san gidajenmu ya san wace magana za ta yi nasara tsakanin wannan lissafi da hoton da aka manna a bango. Tun da za a tafi, abin da ya kamata a koya wa mai tafiya shi ne yadda za ta gane ejan mai lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da na bogi, abin da kwangilarta ta ƙunsa da harshen da take ji, inda za ta kira idan aka riƙe fasfonta, da ƙofar da za ta bi ta nemi albashinta ko bayan ta dawo. Kaɗan ne daga tarukan da muka halarta suka taɓo waɗannan.

Samarin da ke bin sahara nasu labarin daban ne. Daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, a hau bayan Hilux a bi ta Dirku a shiga Sabha ta Libiya, wanda kuɗinsa ya ƙare a jefa shi gidan bashi, a riƙa dukansa ana kiran iyayensa a waya su turo kuɗi. Ba mu manta da mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na Nijar, da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a Oktoban 2013 ba. Nijar ta yi dokar hana safarar 'yan ci-rani a Mayun 2015, direbobi suka koma bin hanyoyin da ba rijiya don kauce wa jami'an tsaro. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Me waɗannan sauye-sauye biyu suka yi wa yaran unguwanninmu? Masu unguwa sun san gidajen da aka yi zaman makoki ba gawa, amma ba wanda ya tattara wannan sani wuri guda.

Sai maganar tallafin waɗanda suka dawo. An ba wasu keken ɗinki, wasu injin markaɗe, wasu jarin ƙaramin shago, aka ɗauki hoto ranar rabo. Mun san waɗanda abin ya kama su, suna nan suna ci da iyalinsu. Mun kuma san waɗanda suka sayar da keken kafin wata uku don mai bashi ya sako su a gaba, da waɗanda suka haɗa kuɗin suka sake biyan ejan suka koma. Ba ma ganin laifinsu. An ba mutum jari an bar shi da bashin da ya fi jarin. Akwai kuma matan da suka dawo da ciwon da ba a gani, ba sa barci, ba sa son shiga mutane, ga tsegumin unguwa kan abin da ake zato sun yi a can. Keken ɗinki ba ya maganin wannan. A rahoton mai shiri duk an rubuta su a matsayin waɗanda suka amfana, domin abin da ake ƙirgawa shi ne yawan waɗanda suka zauna a taro da yawan kayan da aka raba. Manomi kuwa ba irin da ya zuba yake ƙirgawa ba, dami yake ƙirgawa da kaka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka kafa kwamiti wanda zai ƙunshi dagatai da masu unguwanni da limamai, da wakilan ƙaramar hukuma, da mutanen da suka je suka dawo. Muna jaddada cewa a sa mata a ciki da yawa, domin macen da aka wulaƙanta a gidan kafili ba za ta buɗe baki a zauren da maza suka cika ba, kuma a ɓoye sunan duk wadda ta ba da labarinta. Idan an nemi malaman Jami'ar Bayero masu nazarin zamantakewa su taimaka da tsara tambayoyi da rubuta sakamako, aikin zai yi nauyin da hukumomi ba za su ture shi gefe ba.

Kwamitin ya bi gida-gida ya nemo waɗanda suka shiga waɗannan shirye-shirye shekara uku ko biyar da suka wuce. Ya tambaya ko sana'ar da aka koya musu tana nan, ko sun gama biyan bashin tafiya, ko sun sake fita. Ya bincika ko akwai wadda aka taɓa ƙwato mata albashin da aka riƙe mata, da hanyar da aka bi, don wasu su bi. Ya gano ƙararrakin ejan nawa ne suka kai kotu, nawa ne kuma aka kashe su a zaure saboda kunyar maƙwabtaka. Wannan na ƙarshe zai taɓa mutanen da muke gaisawa da su kullum, mun sani, shi ya sa sai da ƙarfin sarauta zai yiwu. Kada kuma a tsallake gidajen da iyaye ne da kansu suke matsa wa 'ya ta tafi, domin duk binciken da ya ɗora komai a kan ejan da kafili bai gama gano ciwon ba.

Muna kuma roƙon daga yanzu duk ƙungiyar da ta zo neman izinin shiga unguwanninmu, a tambaye ta tun a fada abin da take sa ran ya canza, da lokacin da za ta dawo ta duba, kuma ta bar kwafin rahotonta da Hausa a ofishinka. Waɗanda suka riga suka yi aiki a nan a rubuta musu cikin mutunci su kawo nasu. Kowane mai unguwa ya buɗe littafi da za a riƙa rubuta mai tafiya da ƙasar da za shi da sunan wanda ya yi masa hanya, bisa yardarsa, don in an daina jin ɗuriyar mutum a san inda za a fara nema.

Abu na ƙarshe ya fi ƙarfin gunduma, sai dai ka isar mana da shi gaba. Cibiyoyin ba 'yan ci-rani shawara na Ma'aikatar Ƙwadago da muka sani suna Legas da Abuja da Benin. Bazawarar da ke Rijiyar Lemo ba za ta je Abuja don a karanta mata kwangila ba. Muna roƙon ka kai wa Mai Martaba Sarki da gwamnatin jiha buƙatar a samar da wurin da mai niyyar tafiya zai shiga a nan Kano a duba masa takardunsa da lasisin ejansa kyauta, da Hausa, kafin ya biya ko sisi.

A shirye muke mu zo gabanka duk ranar da ka sa mana, tare da waɗanda suka yarda su yi bayani da bakinsu, da kwangiloli da rasiɗan biyan ejan da muka iya tattarawa. Sunayenmu da sa hannunmu da na masu unguwannin da suka shaida suna cikin takardar da muka haɗo da wannan.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyaye da iyalan 'yan ci-rani da waɗanda suka dawo, gundumar Fagge, Kano.