Takwaranka Ya Ce Sola Yake So

Argungu,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Ikko, ya haƙuri da cunkoson Agege? Mu nan sai godiya. Ruwa ya ɗauke, sanyin asuba ya fara leƙowa, kowa hankalinsa ya koma fadama. Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. To maganar ta fi ƙarfin katin ɗari biyu, kuma kai tun muna yara ba ka barin mutum ya kai aya.

Takwaranka ya shiga aji huɗu na sakandare, wanda suke kira SS1. Satin farko ya dawo mini da takarda, wai in sa hannu a kan darussan da ya zaɓa. Ka san burina a kansa ba ɓoyayye ba ne, likita nake so. Na duba na ga Fiziks da Kemistiri da Bayoloji suna nan, hankalina ya kwanta. Sai can ƙasa, wurin darasin sana'a, na ga ya rubuta da manyan baƙaƙe: haɗa sola da gyaranta.

Wataƙila labarin bai iske ka ba, tunda naka sun gama. A 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta shigo da darussan sana'a har 34, aka ce dole kowane ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki ɗaya, kuma a 2014 aka fara rubuta su a WAEC. Akwai walda, kafinta, rini, aikin fata, kiwon kifi, gyaran waya, har da ɗaukar hoto. To a watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa an rage kayan. Sana'o'in sun koma shida: sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Yaro zai riƙe darussa takwas ko tara gaba ɗaya. A takarda kam abin ya yi kyau, ban da abin cewa. Ni dai kiwon kifin da aka cire ne ya ɗan sosa mini rai, ka san mutumin Kabi da kifi.

Da daddare na kira shi na ce, wa ya ce maka ɗana zai ƙare a hawan kwanon mutane da waya a kafaɗa? Bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Tsohuwa ce daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce, "Kai bar wanga yaro. Ka manta abin da anka yi fadama bara?"

Ban manta ba, kunya ce ta sa na yi kamar na manta. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, noman rani da injin fetur ya koma kamar zuba kuɗi a rijiya. Duk mai ɗan hali ya koma famfon sola. Maƙwabcin gonata ya sayar da bijimi ya sayi nasa, faranti huɗu da famfo da ɗan akwatin da ke daidaita wuta. Wata biyu yana aiki lafiya, sai ruwan ya koma kamar fitsarin akuya. Ga shinkafa ta ɗauki ciki, ga ƙasa ta fara tsagewa. Ya kira wanda ya haɗa masa, aka ce yana Jega, sai jibi. Muna tsaye cirko-cirko, kowa da nasa fashin baƙin, wani ya ce famfon jabu ne, wani ya ce ruwan ƙasa ne ya gudu.

Takwaranka ya kawo mini abinci ne kawai. Ya ajiye kwano, ya zagaya farantan sau biyu. Sai ya cire hularsa ya tsoma a kwalbati, ya goge ƙurar hunturu da ta yi musu fari fat, har da kashin tsuntsu da ya bushe a kusurwar ɗaya. Ya ce a taya shi ja, aka janye na ƙarshen daga inuwar wani reshen gawo, aka fuskantar da su duka kudu, ya sa dutse ya ɗan tada bayansu. Kafin ya miƙe, tiyon nan ya yi tari sau biyu ya feso ruwa har ya jiƙa wa mai gonar wando. Da na tambaye shi a hanya, ya ce an jera farantan ne a layi ɗaya, wutar wannan ta bi ta cikin wancan, don haka in inuwa ta rufe ɗaya duka sai su raunana. A wayar yayan abokinsa ya gani. Shekararsa goma sha huɗu a lokacin.

Washegarin daren da Tsohuwa ta yi wannan magana na sa babbar riga na tafi makarantar, da niyyar in ce na amince. A nan ne na sha mamaki. Mataimakin shugaban, mutumin kirki, ya ba ni kujera ya ce, Malam, shida ne a takarda, amma mu biyu muke da su, kiwo da noman lambu, domin malamin aikin gona kaɗai gare mu. Babu malamin lantarki, babu faranti ko ɗaya, babu batir, ko filaya babu. Ɗakin kwamfuta yana nan da kwado a ƙofa, kuma yaran nan da kwamfuta za su rubuta JAMB, yadda ake yi tun 2015. Ya ce in yaro ya nace za su rubuta masa sola, amma ranar jarrabawar aiki da hannu shi da Allahnsa.

Wallahi ina zaune a ofishin nan sai na gan mu ni da kai a aji ɗaya, zamanin da tsarin 6-3-3-4 yana sabo. Ka tuna Intro Tek, darasin nan na koyon fasaha? Ka tuna manyan akwatunan katakon nan da aka sauke daga tirela, aka ce injuna ne daga ƙasashen gabashin Turai, muka yi ta murna za mu zama injiniyoyi? Har muka bar makarantar ba a buɗe su ba, don babu wutar da za ta ja su, babu wanda ya san kansu. A kansu muke zama mu sha rake. Malam ya zana zarto a allo, mu kwafa, mu rubuta sunayen sassansa, mu ci saba'in. Ni da na ci saba'in, har yau in ƙofar ɗaki ta saki sai na aika a kira kafinta.

Ba na son a maimaita wa yaron nan zanen zarto. Ga abin da muka yanke, kuma ina son jin ra'ayinka, don kai ka fi ni ganin duniya. A makaranta zai rubuta kiwo, tunda akwai malami, kuma tumakin kakarsa dama shi ke ɗawainiya da su, ba zai faɗi ba in sha Allahu. Ajin kimiyya yana nan daram. Na bincika, likitanci a JAMB Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, injiniya kuwa Lissafi ne a madadin Bayoloji, ka ga duka ƙofofin a buɗe suke. In lantarkin ya ci gaba da jansa, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ba sai ya yi nisa ba. Sola kuma na kai shi shagon wani mai haɗawa a bakin kasuwa, Asabar da Lahadi bayan Islamiyya. Na kai goro, mun yi magana ta dattako. Sharaɗina ɗaya, ba zai hau rufin kowa ba sai maigidan yana wurin, don batir da inbata ba abin wasa ba ne.

Sati uku ke nan. Ya dawo da ƙuna a ɗan yatsa, yana nuna wa kowa kamar lambar yabo. Yanzu ƙanwarsa ma ta taso wai ita gyaran waya za ta zaɓa in ta kai, uwarta ta ce ɗinki ko ba komai. Wannan shari'ar na ɗage ta sai baɗi.

Sai roƙon da ya sa na yi duk wannan dogon zance. Maigidan nasa mitar awon wuta ɗaya gare shi, ba ya bari yara su taɓa. In ka shiga kasuwar Alaba, ka samo wa takwaranka ɗaya, irin mai nuna lamba a fuska, mai wayoyi biyu ja da baƙi, wadda ke auna wutar batir da ta NEPA duka. Kada ka sayi mai arhar nan da ke mutuwa a wata guda. Ka haɗa da ƙaramin sukudireba da filaya in kuɗin sun kai, ka ba direbobin da ke dawowa daga kai albasa, ka turo mini lambar motar. Ban gaya masa ba tukuna.

Tsohuwa tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar da ka aiko ya ƙare. Ka gaida uwargida da yara. Busasshen kifinka yana nan na ajiye, sai an samu mai zuwa.

Naka har kullum,
Amininka na Argungu.