Zuwa ga mutumina na Jamus, kan ƙwallayen gilas ɗina

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya fama da sanyi? Mu nan Zariya hunturu ya kankama, da safe ko dutsen Kufena ba ka hangowa saboda hazo, kowa leɓe a tsage. Hajiya lafiya lau, tana gaishe ka.

Ban taɓa ba ka labarin sabon haukan da na ɗauko ba. Ka san ƙwallon gilas ɗin nan mai ruwa a ciki da ɗan gini a tsakiya, in ka girgiza sai wani farin abu ya riƙa saukowa a hankali, wai dusar ƙanƙara? To su nake tarawa yanzu. Wajen masu gwanjo a kasuwar Sabon Gari na fara tsinta cikin tarkacen kofuna da kayan wasan yara, mai kayan ya ce min na danne takarda ne a ofis, kuma gaskiyarsa, don waɗanda aka nuna a baje kolin birnin Paris a 1878 na danne takardar ne. A 1889 kuma aka yi masu hasumiyar Eiffel a ciki, shekarar da aka buɗe ta.

Amma wanda labarinsa ya fi burge ni wani mutumin Viyana ne, babban birnin Ostiriya, Erwin Perzy, maƙerin kayan tiyata. Wajen 1900 yana neman yadda zai ƙara wa ƙwan lantarki haske a ɗakin tiyata, sai ya kwaikwayi dukawa masu ɗinkin takalma da ke ajiye kwalbar ruwa gaban kyandir don hasken ya taru wuri guda. Ya zuba tsakin alkama a ruwan, kai semo fa, irin wanda ake mana tuwo, maganar haske ba ta yiwu ba amma ya ga abin na sauka a hankali gwanin sha'awa, shikenan sana'a ta samu. Na farkon da ya yi cocin Mariazell ya saka a ciki, kuma har yau zuri'arsa na yin su a Viyana, abin da suke haɗa farin garin da shi ma sun ƙi faɗa wa kowa.

Ni yanzu na iya saye. Girgizawa nake in tsaya in ga saukar, mai kyau akwai gilisarin a ruwan shi ke sa ya yi kauri garin ya daɗe yana yawo, na arha kuwa kafin ka ajiye ya gama zubewa. Masu mutum-mutumi bana ɗauka, yawancin na gwanjo na Kirsimeti ne kuma Hajiya ta ce ba dai a gidanta ba, sai na tsaya kan masu gine-gine kawai. Babban abokin gabana zafin Maris da Afrilu, ruwan raguwa yake sai kumfa ta fito a sama, sannan ba a ajiye su bakin taga don gilas mai ruwa yana tattara rana har ya ƙona labule. Shoglas ɗin madam na ci rabi, tangaran ɗinta sun matsa gefe, kullum sai ta yi mita.

Abin da ke cina shi ne akwai wanda aka kawo min daga Dubai da Burj Khalifa a ciki, garin da zafi ke neman kashe mutum. To in su an yi musu, me zai hana a yi mai Ƙofar Doka ko tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina? A zuba garin ruwan ƙasa maimakon fari ma, ya zama hazonmu, wallahi ni zan fara saye.

Dan Allah in kana tahowa da sallah ka nemo min ɗan Viyana na asali, ko ɗan ƙarami ne, tunda daga wajenku jirgin ƙasa na zuwa. Kar ka saka a jakar hannu, ruwan da ya wuce mililita 100 ƙwacewa suke a yawancin filayen jirgi, ka naɗe shi cikin safa ka tura tsakiyar babban akwati. Ka faɗa min kuɗin a yuro in san yadda zan yi, ladan ɗauko kuma kilishi da yaji.

A gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Tudun Wada