Garkuwarka Tana Nan Inda Ka Jingine Ta

Mai Garkuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. To, na sauke farali, saura faɗa. Wata nawa ke nan? Saƙona na ƙarshe ka buɗe shi, na ga alamar ka karanta, ka yi gum. Ban riƙe ka ba, don ni ma da ka turo hoton 'yar jaririyar nan sai da na kwana tara kafin na ce Allah ya raya. Mun yi canjaras. Amma akwai tambayar da nake son yi maka, ba kuma irin wadda ake jefawa a layi ɗaya ba ce, shi ya sa na zauna na biyo doguwar hanya.

Bari dai ka fara jin abin da ya taso ni. Zauren hirarmu da ya shekara a kwance, shekaranjiya da daddare ya farka. Na tashi da safe na tarar da saƙo sama da 300. Gabana ya faɗi, na ce ko rasuwa aka yi. Ashe Oga ne ya turo jadawali. Jadawali fa sosai, mai gida-gida da launi-launi: wa zai riƙe garkuwa, wa zai yi magani, wa zai tsaya baya yana harbi, ranakun fita farmaki, har da dokar rabon ganima. Na wane gem? Na sabon gem ɗin intanet da kamfanin Riot yake ginawa. Gem ɗin da ko suna ba mu ji an raɗa masa ba, ko bishiya ɗaya ta cikinsa ba mu gani ba, balle ranar fitowa. Sunanka ne a layin farko, ya ɗora masa alamar tambaya da jan launi.

Ka dai tuna yadda abin ya faro. A Disamba 2020 ne Greg Street, wanda ya daɗe yana daidaita ƙarfin jarumai a World of Warcraft kafin ya koma Riot, ya tabbatar a Twitter cewa eh, suna gina babbar duniyar da dubban mutane za su shiga tare, a Runeterra, ƙasar labarin League of Legends, gem ɗin Riot ɗin. Kai ne ka kira ni a daren, muryarka har rawa take. A 2023 mutumin ya ajiye aikin ya kama gabansa. A Maris 2024 kuma Marc Merrill, ɗaya daga cikin biyun da suka kafa kamfanin, ya fito ya ce sun sauya alƙibla, don abin da suka fara ginawa bai bambanta sosai da abin da ake bugawa yanzu ba, kuma za su yi shiru mai tsawo, mai yiwuwa na shekaru. Su dai sun yi sallama kafin su yi shirun nasu, ba kamar wasu ba. Mutum ya ce maka sai bayan shekaru, kai kuma ka ɗauko biro kana raba Talata da Alhamis. Oga ke nan, Allah ya bar mana shi.

Abin da ya cika zauren kuwa gardama ce a kan abin da kowa yake so gem ɗin ya zama, kuma na karanta ta tsaf har ƙasa. Oga yana son farmakin mutum 40, irin na kogon dodanni na Molten Core a farkon World of Warcraft, wanda sai an yi wata ana faɗuwa kafin dodo ɗaya ya kwanta. Boka, da aikin dare ya mayar da shi mujiya, ya ce shi in ya shiga da awa guda to ya fita da abin nunawa, in ba haka ba a kai kasuwa. Auta yana son a buɗe daji kowa ya kashe kowa, wanda ya faɗi a tuɓe masa kaya, har ya canza hotonsa zuwa tutar Noxus, daular mayaƙa ta Runeterra. Wannan yaron da ya yi kwana uku ba ya yi mana magana don wani ya harbe shi yana tsinkar ganye! Dogo kuwa bai ce uffan ba sai can wajen ƙarfe biyu, ya rubuto cewa shi dai a ba shi ɗaki a bakin tashar jiragen ruwan Bilgewater, wani gari a Runeterra, da sandar kamun kifi, ya yafe sauran. A cikinsu duka shi kaɗai na yarda zai samu abin da yake so.

Ka lura ba mai yiwuwa ba ne a faranta wa Oga da Boka a tukunya ɗaya. An gwada ai. WildStar ya fito a 2014 yana kirarin ya dawo da farmakin mutum 40 da wahalar da, 'yan tsohuwar zuma suka yi ta tafi, da aka buɗe ƙofa sai aka ga masu tafin ba su da lokacin da suke da shi a da. A 2018 aka kashe masa fitila. A ɗaya gefen kuma, tun da Blizzard, mai World of Warcraft, ta kawo na'urar haɗa 'yan kogo a ƙarshen 2009, wadda kake danna maɓalli ta jefa ka cikin baƙi huɗu, aka huta da tsayuwa a gari ana cigiyar mai magani. Hutun gaske ne, ba na musu. Sai dai daga nan ka shiga kogo da mutane ku yi minti 20 ku fito ba wanda ya ce wa wani sannu. Ni da kai fa cigiya ce ta haɗa mu. Da a ce maɓalli ne ya haɗa mu a ranar, da yau ban san da zamanka a duniya ba, da kuma na huta da rubuta wa mutumin da ba ya amsa saƙo.

Ni nawa tsoron daban ne, kuma shi ne ya hana ni barci jiya. Dokin nan. Ka san wanda nake nufi, baƙin nan mai wuta a kofato, a gem ɗinmu na da. Wata uku ina zuwa kogo ɗaya duk mako, kai kana gaba kana ƙorafin na mayar da kai bawa. Ranar da ya faɗo sai da na tashi tsaye na buga gwiwa da tebur, shayi ya zube a kan madannai, na goge da hannun riga ban ko duba ba. Na hau shi na tsaya a tsakiyar kasuwar gari, ba abin da nake yi sai juya shi hagu da dama, mutane suna tsayawa suna leƙa sunana. Bayan wata biyu suka zuba ɗan'uwansa a shago, launin wutar kawai suka canza. Na shiga da yamma na tarar da wani da bai kai mataki na goma ba, wandonsa ma na farkon wasa ne, yana sukuwa a kai. Ba laifin yaron ba ne, kuɗinsa ne. Amma tun daga ranar, in na ga mutum da kaya masu ƙyalli ba na tambayar wane dodo ya kayar, sai in ce nawa ya biya. Duniyar gaba ɗaya ta zame mini kamar kanti.

Kowa a zauren yana cewa Riot ba za ta yi haka ba, ai tun 2009 League of Legends kyauta ake buga shi, ado kawai ake sayarwa, ba ƙarfi ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban cire rai ba. Amma a wancan gem ɗin adon ba ya nufin komai, yawanci kafin awa guda an gama wasa an sake lale. A duniyar da za ka zauna shekaru, ado shi ne shaidar wahala. Alkyabbar da ke kafaɗarka ita ke gaya wa baƙo inda ka je da abin da ka gani. In aka sayar da ita, an sayar da labarin. Na gwammace a ce mini ga kuɗin wata, biya ka shiga, duk abin da ke ciki sai da gumi. Da na faɗi haka Boka ya ce ai ni tsoho ne, wa zai biya kuɗin wata a wannan zamani? Na ce masa ya je ya tambayi masu buga Final Fantasy XIV, waɗanda a Disamba 2021 suka yi yawa har Square Enix ta dakatar da sayar da gem ɗin don layin shiga ya ƙi ƙarewa. Ya turo mini hoton tsoho da sanda. Ba shi da amsa ke nan.

Af, tunda na ambaci Boka. Ka san ya rantse ya bar gem har abada, har da doguwar huɗuba a kan ɓata lokaci? Makon jiya Dogo ya gan shi a kan layi ƙarfe uku na dare, da sabon suna. Abin da ya tona shi, har yanzu tsalle yake yi sau biyu kafin ya yi wa mutum magani. Kifi na ganinka mai jar koma. Kada ka ce ni na gaya maka, yana jin ba wanda ya sani.

Ina nake? Yauwa. Shi wannan Final Fantasy XIV ɗin ma ai darasi ne ga masu yanke hukunci ranar farko. Da ya fito a 2010 ba irin tsinuwar da bai sha ba. Suka ɗora Naoki Yoshida a matsayin sabon jagoran aikin, suka rufe duniyar a 2012, suka sake ta sabuwa a 2013, ga shi har yau yana tsaye. New World kuma na Amazon, a makonsa na farko a 2021 ya tara mutum sama da 900,000 a lokaci guda a dandalin gem na Steam, muka ce shi ke nan sarki ya zo. Ba a yi nisa ba aka gano dabarar kwafar zinare, har sai da aka rufe ciniki tsakanin 'yan wasa, jama'a suka watse kamar an ci kasuwa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wasu ma ba a haife su ba sam: EverQuest Next da muka yi ta kallon tallansa muna haɗiyar yawu, a 2016 aka ce an fasa.

Kuma kada mu ɗora wa kamfanoni laifin duka, mu ma ba kanwar lasa ba ne. Masu Ultima Online a 1997 sun zauna sun tsara daji mai rai, dabbobi masu cin ciyawa, masu cin nama suna farautarsu, komai a kan ma'auni. Da aka saki 'yan wasa sai suka bi duk abin da ke motsi suka yanka, tun kafin tsarin ya numfasa, dole aka cire shi. Haka za mu yi wa Runeterra. Za su shekara biyar suna ɓoye sirri a ƙarƙashin yashin hamadarta ta Shurima, a kwana biyu wani ya tono shi ya ɗora a YouTube, da kibiya ja tana nuna inda za ka tsaya. Mu da muke kukan an kashe mana daɗin ɓata a daji, mu ne za mu fara buɗe bidiyon. Ni kaina na san ba zan iya haƙuri ba.

Wata ƙaramar addu'ata kuma, kada su gina faɗan duka a kan kauce wa sara a daidai ƙiftawar ido. Wanda saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da gem ɗin, take kusa da shi zai ce daɗi. Wanda saƙonsa sai ya yi kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa a hanya, a allonsa ya kauce, a wurin saba kuwa tuni an yi jana'izarsa. Ka fi kowa sanin wannan, kai da ka sha mutuwa a tsaye a wurin da ba wuta.

Wanda ya tuna mini da daren nan. Faɗuwa ta 23, kowa ya gaji, Oga ya ce wannan ce ta ƙarshe. Jinin dodon ya rage ɗan siriri kamar zare, kai kaɗai da ni da Boka muka rage a tsaye, sai muka ji muryarka ta yanke. Jaruminka ya tsaya ƙiƙam, garkuwa a sama, dodo yana ta jibgarsa, Boka yana ta zuba masa magani yana kiran sunanka na gaskiya, abin da bai taɓa yi ba. Ni kuwa hannuna rawa yake har na harbi bango sau biyu. Da dodon ya faɗi, ihun da aka yi sai da na cire abin kunne. Ka dawo bayan minti biyar kana ba da haƙuri, ba ka ma san an ci ba. Jiya da na gama karanta saƙonnin nan 300 na lura kowa, ko me ya ce yana so, ƙarshenta sai ya kawo labarin daren nan. Har Auta, wanda tun minti na farko yake kwance a ƙasa. Ban san yadda Riot za ta saka wannan a cikin gem ba, ko da ta yi shekara 20 tana shiru. A lokacin ba wanda yake duba agogo. Yanzu ni kaina ƙarfe goma in ta yi, idona ya fara yaji.

Duk da haka na cike gurbina a jadawalin, kada ka yi mini dariya. Na rubuta Alhamis. Na kuma ce Demacia, abokiyar gabar Noxus, nake so, don kawai in ɓata wa Auta rai, alhali ko za a raba mutane gida biyu ma ba wanda ya ce. In Oga ya kira ka, kada ka ɗauka sai kana da awa guda a hannu, yanzu ya fara maganar tutar ƙungiya.

Yauwa, kafin in manta: hoton bidiyon daren nan yana wurinka har yanzu? Boka ya dage wai ba bango na harba ba, shi na harba, kuma wai sau uku ne. Ka duba tsohuwar kwamfutarka, in tana tashi. Ka gaida mai ɗakin, ka shafa mini kan 'yar jaririya.

Naka,
Mai Baka